A sunkuyar da fitilar keke ƙasa don Allah, ana kashe wa mutane ido

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ɗan ba ni fili in yi magana da 'yan uwana masu hawa keke, musamman waɗanda dare ke yi musu a hanya ko kuma suke fita tun kafin gari ya waye irina.

Ni ma'aikaci ne a wani kamfani a Sharaɗa nan Kano, gidana kuma ta wajen titin Panshekara yake. Da can babur nake hawa. To tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma har ta wuce 1000, sai na ga albashina ba zai iya ciyar da iyali ya kuma ciyar da babur ba, na jingine shi na nemo keke. Kuma ba ni kaɗai ba ne, duk wanda yake bin titi da safe ya san kekuna sun dawo, malaman makaranta, leburori, 'yan kasuwa, ɗalibai, har da dattawan da rabonsu da feda shekara da shekaru. Satin da nake aikin yamma sai ƙarfe 10 na dare muke tashi, satin safe kuma ina idar da sallar asuba nake kama hanya, kaga kenan rabin tafiyata a duhu nake yin ta. Shi ya sa maganar fitila ta dame ni.

Abin da ya sa na ɗauko alƙalami shi ne wani abu da ya faru da ni a lokacin sanyin da ya wuce, wanda har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Na sayi wata fitila irin mai cajin nan a kasuwa, mai shagon yana ta yabonta, a jikin kwalin an rubuta wasu lambobi masu sifili da yawa, ya kunna min ita da rana tsaka ma sai da na kau da kai. Na ji daɗi, nace yauwa na rabu da faɗawa rami. Na ɗaura ta a kan keke tana kallon gaba sak, kamar yadda mutum zai riƙe tocila. Kwana kaɗan da haka na shigo wani lungu a unguwarmu da daddare, babu wuta, ga wani dattijo ya fito daga masallaci yana tahowa ta gefen kwata da sandarsa. Ni ina ganinsa tar, har launin hularsa. Shi kuwa bawan Allah sai na ga ya ɗaga hannu ya kare fuska, ya ja gefe don ya ba ni hanya, a tunaninsa ko babur ne ko mota, ƙafarsa ɗaya ta zurma cikin kwatar ya faɗi. Na yar da keken na ruga na ɗago shi, gwiwarsa ta kurje, rigarsa duk ta ɓaci. Bai zage ni ba, bai ma ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, yaro, wannan fitilar taka ai ba hanya take haskawa ba, mutane take haskawa. Na raka shi har ƙofar gida ina ba shi haƙuri yana cewa ba komai, amma wallahi ranar ban yi barcin kirki ba, saboda da ƙashin ƙugu ya karye fa? Mutum mai shekaru irin nasa in ya kwanta da karayar ƙugu ba kowa ke tashi ba, kuma da ni ne sila.

Maganar dattijon nan ita na yi ta juyawa a raina, daga nan na fara bincike da tambayar waɗanda suka sani, na kuma yi ta gwaji da kaina a jikin katangar gidanmu. Abin da na gano shi ne mu duk ƙarfin haske muke tambaya in mun je saye, alhali abin da ya fi muhimmanci shi ne ina hasken yake sauka. Yawancin fitilun da ake kawo mana tocila ce kawai aka yi mata maɗauri, haskenta zagaye yake fita kamar faifai, rabi ƙasa rabi sama. Rabin da ya tafi sama ba ya nuna maka rami ko dutse ko ƙusa, asara ce ta batir, kuma shi ne yake shiga idon mai tahowa. Ku lura da fitilar mota in direba ya sa dim ya fuskanci bango, za ku ga hasken yana da iyaka daga sama kamar an ja layi da rula, ƙasan layin haske, samansa duhu. Da gangan aka ƙera ta haka. Fitilar keke ta kirki ma haka ya kamata ta kasance.

A Jamus doka ce ma. Suna da ƙa'idar da ake kira StVZO, fitilar keken da za a hau titi da ita sai an gwada ta an tabbatar haskenta a yanke yake daga sama, sannan a buga mata wata alama, layi mai lanƙwasa kamar igiyar ruwa da harafin K da lamba. Kuma su ba su yarda da fitila mai ƙyafta-ƙyafta a jikin keke ba. Irin waɗannan fitilun kwan ba ya kallon gaba kai tsaye, yawanci madubi ne a ciki yake karɓar hasken ya kwantar da shi a kan kwalta. In kana da wanda zai sayo maka daga waje, ko kana oda ta intanet, ko ka ci karo da ita a cikin kayan gwanjo don kekunan da ake shigowa da su daga Turai wasu da fitilunsu suke zuwa, ka duba wannan alamar. Ni yanzu irinta nake amfani da ita, a jikin wani tsohon keken gwanjo na samu wajen mai gyara, in ka kalle ta ba ta da wani kwarjini amma hanya take shimfiɗa maka kamar an shimfiɗa tabarma.

Sai maganar lambobin da ake rubutawa a kwali, nan ne ake cutar mu sosai. Ana auna yawan hasken da fitila ke fitarwa da wani ma'auni da ake ce wa lumen. Don ku gane girmansa, kwan fitilar mota irin na da, mai cin wat 55 zuwa 60, yana ba da kusan lumen 1000 a dim, a ful kuma wajen 1600. To sai ka ga wata 'yar fitila da ba ta kai tsawon yatsa biyu ba an rubuta mata lumen 10000 ko ma 20000. Ya za a yi? Kwan LED mai kyau abin da yake bayarwa yawanci wajen lumen 100 zuwa 150 ne a kowane wat ɗaya, kenan kafin ka samu 10000 sai ka ƙona wat 70 ko fiye, zafin da zai fito kaɗai ya isa ya narkar da robar, kuma batirin da ke ciki, wanda yawanci irin dogon nan ne 18650 da ake samu a tsohon batirin laftof, da kyar zai yi minti 10. Shi kansa batirin na gaskiyarsa yawanci ba ya wuce wajen 3500mAh, wato ma'aunin yawan cajin da yake ɗauka, in ka ga an rubuta 9900 a jikinsa ka san ƙarya ce tun daga nan. Amma abin takaicin shi ne duk da ƙaryar lambar, fitilun nan suna da isasshen ƙarfin da za su makantar da mutum, don kwan ƙarami ne ƙwarai kuma duk hasken daga ɗan ɗigo ɗaya yake fitowa fari fat, shi ya sa ya fi na mota soka ido wani lokacin.

A nawa gwajin, in titi ne mai fitilun kan hanya ko mai shaguna da janareto da sola ta ko'ina, ba ka buƙatar wani abu mai yawa, lumen 100 zuwa 200 ya ishe ka don a nan so kake a gan ka. In lungu ne mai duhu ko hanyar da ba kwalta, ga ramuka ga yashi ga kwalbatin da aka sace murfinsa, to 300 zuwa 500 da aka kwantar ƙasa yadda ya kamata sun wadatar, ai ba tsere muke ba, mai komawa gida daga aiki da kyar yake wuce kilomita 15 zuwa 20 a awa, wato kamar mita 5 a daƙiƙa ɗaya, in kana ganin mita 15 zuwa 20 a gabanka kana da lokacin kama birki. Masu 1000 zuwa sama an yi su ne don masu wasan keke a daji da duwatsu inda ba kowa a gabansu. Tunda lambar kwali ba abar yarda ba ce, ni shawarata ka ce wa mai shago ya bari ka kunna a wuri mai duhu ka haska bango ka ga siffar hasken, ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ka kuma zaɓi mai matakai, ƙarami da matsakaici da babba, don ka riƙa ragewa.

Na san da yawanmu ba za su sayi sabuwa ba, halin da ake ciki ma wa ke da kuɗin canza fitila. To wadda kake da ita ma za ta gyaru, kuma ba sisi. Ka jingina keken a wuri mai baje, ya fuskanci bango, tazarar mita 5, kamar taku 6 ko 7 na babban mutum. Ka kunna. Inda hasken ya fi ƙarfi a jikin bangon ya kamata ya sauka a rabin tsayin fitilar daga ƙasa, wato in fitilar tana daidai ƙugunka to tsakiyar hasken ya sauka wajen gwiwa. Wannan tsohuwar ƙa'idar Jamusawan ce ita ma, kuma tana aiki. Bayan nan ka sa ɗanka ko ƙaninka ya riƙe keken, kai ka taka ka yi nisa kamar taku 20 ka juyo ka kalle shi, sannan ka ɗan durƙusa daidai tsayin yaro ko mai zaune a cikin ƙaramar mota ka sake kallo. In ka runtse ido to haka kowa yake runtsewa in ya haɗu da kai. Ni ranar da na fara yin wannan da tsohuwar fitilata sai da na ga kore-kore a idona na kusan minti guda, nace ashe abin da na yi wa dattijon nan kenan.

Akwai kuma dabarar yi mata hula. Ka yanko ɗan ɓallin baƙar roba daga tsohuwar jarka ko gwangwanin madara, ka lanƙwasa shi a saman gilashin ya ɗan fito gaba kamar faɗin yatsa biyu, irin bakin hular hana-sallah, ka ɗaure da robar tiyub. Ba zai kai wadda aka ƙera da madubi ba amma yana tare mafi yawan abin da ke tashi sama, har kai mai tuƙin ma yana hana hasken dukan idonka in ka miƙe kana taka feda. Sannan a riƙa duba maɗaurin, don irin na robar nan da an faɗa rami biyu uku sai fitilar ta ɗaga kai ba ka sani ba. Ka naɗa ɗan tiyub a jikin ƙarfen kafin ka ɗaura, zai riƙe ta gam.

Masu ɗaura tocilar goshi kuma, irin ta mafarauta da masu faci, don Allah ku yi haƙuri ku daina a cikin gari. Ita duk inda ka kalla nan take haskawa, kuma ɗan Adam in ya ga mutum fuskarsa yake kalla, kenan duk wanda kuka haɗu sai ka dalle masa ido, har wanda ka juya za ka yi wa sallama. Haka masu riƙe waya a hannu ɗaya suna haskawa suna tuƙi da ɗaya, wannan ga rashin haske ga rashin birki.

Wani zai ce to ai masu mota da 'yan adaidaita sahu da masu babur su ne manyan masu laifi, kowa ya ƙara wasu fararen fitilu a gaban abin hawansa, ba mai sa dim, in ba ka da mai ƙarfi ba za su ma san kana wurin ba. Gaskiya ne, ni ma kullum sai an kashe min ido a titin nan namu, wani lokacin sai na sauke ƙafa na tsaya cak har motar ta wuce don ban san me ke gabana ba. Kuma na san zuciya tana raya wa mutum ya rama. Amma mu yi lissafi. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya. In ka makantar da direban na daƙiƙa 2 kacal, ya yi tafiyar mita 30 da wani abu bai ga komai ba, kuma kai ne a kusa da shi, kai da ba ka da ƙarfe ko gilashi da zai kare ka. Bayan ya wuce ka ma idonsa bai gama dawowa ba, wataƙila akwai wani mai keken ko mai tura baro ko yarinya mai talla a bayanka. Ido in ya saba da duhu aka buga masa haske yana ɗaukar lokaci kafin ya koma daidai, kuma yadda shekaru ke ƙaruwa haka lokacin ke ƙara tsawo, balle mai yanar ido wanda hasken ke tarwatse masa ya rufe komai. Iyayenmu ne fa waɗannan, su ne ke fita sallar isha da asuba a ƙafa daidai lokacin da muke wucewa.

Lokacin hazo ma abin ya fi muni. In ƙura ta cika iska, duk hasken da ka tura sama ko gaba sak ƙurar ce take dawo maka da shi, sai ka ga fari kawai kamar bango a gabanka. Wadda aka kwantar ƙasa ita ke nuna hanya. Ni dai na fi jin daɗin mai ɗan ruwan ɗorawa a kan mai farin nan da ya yi kamar shuɗi, ba ta gajiyar da ni.

Ita kuwa mai ƙyafta-ƙyafta, da rana ko da magariba tana da amfani don tana jan hankalin direba. Amma cikin duhu sosai, fitilar gaba mai ƙarfi tana walƙiya kamar ta gidan biki, wannan azaba ce ga mai tahowa, ba ya iya gane nisanka ko saurinka, kai ma hanyar tana ɓace maka tana dawowa, kuma akwai masu farfaɗiya da irin wannan walƙiyar ke tayar musu da ciwo. A Ingila sai 2005 aka halatta ta a keke, kuma da sharaɗin kada ƙyaftawar ta wuce sau 4 a daƙiƙa. Da dare a bar ta a tsaye kawai.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mutum zai kashe kuɗi a fitilar gaba kamar ta jirgi amma bayansa duhu ƙirin. Alhali abin da ke gabanka kana ganinsa za ka iya kaucewa, wanda ke zuwa ta baya fa? 'Yar jar fitila ta baya ita ce mafi araha a duk kayan keke kuma ni a ganina ita ce ta fi ceton rai. Fari a gaba, ja a baya, haka duniya ta saba, kada a juya, kada kuma a sa shuɗi da kore da kala-kala don ado, in direba ya hango ja ya san bayan abu ne, in ka sa ja a gaba ka rikita shi. A tabbata kaya a kariya ko bakin riga bai rufe ta ba, na sha ganin mutum da fitilarsa tana ci amma buhu ko jarka ya danne ta. Ita ma kada ta cika ƙarfi ko ta kalli sama don na bayanka shi ma ido gare shi. Sannan 'yan ƙyallin nan masu ruwan lemo na jikin feda da ake ɓallewa a yar, a bar su, in fitilar mota ta dake su suna hawa suna sauka, daga nesa direba ya san keke ne ba sai an faɗa masa ba. Ba sa cin batir ba sa mutuwa.

Waɗanda suka girma da kekunan Raleigh da Phoenix za su tuna dinamo, 'yar kwalbar nan da ke gogar taya tana kuka, 6V ce wat 3 kacal, in ka tsaya ta mutu, in ka yi sauri ta ƙara haske. Haskenta ja-ja ne mara ƙarfi, ba zan ce a koma mata ba don ta yi rauni da yawa ga titin yanzu, amma iyayenmu sun yi shekaru suna zuwa gona da kasuwa da ita ba su taɓa jefa kowa a kwata ba. Mu da Allah ya ba mu wadda ta ninka ta sau da yawa, ga caji da USB ko da 'yar sola, abin da ya rage mana kawai mu iya riƙe ta. Malamai suna karantar da mu hadisin haƙƙin hanya, cikin abubuwan da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lissafa akwai kame cutarwa daga mutane. Ni ban ga yadda za a ce dalle wa bawan Allah ido har ya faɗi bai shiga cikin cutarwa ba.

Roƙona ga hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa da KAROTA mai kula da zirga-zirgar ababen hawa a jihar Kano, tunda ana ta ƙarfafa wa mutane gwiwar hawa keke, har ana bikin ranar keke ta duniya duk 3 ga Yuni, to a haɗa da wayar da kai a kan fitila, a rediyo da Hausa yadda kowa zai ji, kuma a fara da masu ƙara fitilu barkatai a motoci da babura da adaidaita. Ba kame nake nema ba, talaka ya sha wahala haka nan, a nuna wa mutane ne. Masu gyaran keke ma ku taimaka, duk wanda ya kawo faci kuka ga fitilarsa ta ɗaga kai ku sunkuyar masa ku faɗa masa dalili, mai gyaran da nake zuwa wurinsa na nuna masa gwajin bangon nan kuma yanzu yana yi wa mutane kyauta. 'Yan kasuwa masu shigo da kaya, ku nemo mana masu yankakken haske, ana ƙera su a Chana ɗin nan da kuke zuwa, in kun kawo za mu saya.

Dattijon nan har yanzu muna haɗuwa a lungun, gwiwar ta warke alhamdulillahi. In na hango shi ko wani mai tafiya a ƙafa nakan mayar da fitilar ƙaramin mataki, in lungun ya matse kuma in sa tafin hannu in rufe samanta har mu gifta, in yi masa sallama ya amsa.

Na gode Edita, Allah ya ƙara wa jaridar nan ɗaukaka.

Naku,
Wani mai karatunku, ma'aikaci a Sharaɗa, Kano.